Dariya Mai Amfani: Aku, Malam Zurƙe da Makomar Karatun 'Ya'yanmu

Jawabin kwamitin ilimi a taron shekara-shekara na ƙungiya, Titin Ibrahim Taiwo, Fagge, Kano

 



A tarukanmu na baya mun fi mayar da hankali a kan rijiyar burtsatse da gyaran ajujuwa da hanyar da ruwa ke cinyewa kowace damina. A bana mun nemi izinin shugabanni mu taɓo wani abu da za a iya ɗauka wasa ne, wato littattafan Hausa na ban dariya da ban al'ajabi waɗanda da yawa daga cikinmu muka tashi da su. Muna roƙon a ba mu aron kunne, domin a ganinmu akwai asarar da ke tunkaro mu ta wannan ɓangare.

Akasarin waɗanda ke zaune a wannan ɗaki a wannan titi suke neman abinci, ko a kewayensa: wasu a Kantin Kwari, wasu a kasuwar Sabon Gari, wasu a ofisoshi. Titin yana ɗauke da sunan Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan soja na Jihar Kwara wanda aka kashe a yunƙurin juyin mulkin Fabrairun 1976. Kullum muna bin sa, muna saye da sayarwa, mu koma gida da cefane da takalman yara da katin waya. To amma yaushe rabon da ɗayanmu ya koma gida da littafin Hausa a hannu? Yaran da aka haifa mana a Kano da Kaduna da Abuja da Legas suna jin Hausar aike da ta ciniki, amma idan suka je gida hutu, kakarsu ta jefa musu karin magana, sai su tsaya suna kallonta. Wannan ita ce asarar da muke nufi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma ta harshe barin yake farawa.

Maganin ba nesa yake ba. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga cikin abin da gasar ta haifar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haifi Imam a Kagara a 1911, ke nan yana ɗan shekara 22 lokacin gasar. Bayan 'yan shekaru ya rubuta Magana Jari Ce mai juzu'i uku, sannan ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ya rasu a 1981, amma har yau mutanen da ya ƙaga ba su mutu ba.

Mun ce mutanen da ya ƙaga, domin a nan sirrin yake. Labarin aljanu da tafiya ƙasashe masu nisa ba sabon abu ba ne wurin Bahaushe. Tatsuniya ta daɗe da shi. Abin da ya bambanta Ruwan Bagaja shi ne halayen mutanen cikinsa. Alhaji Imam ya bar Kwantagora don neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, ya kuma wanke wanda ya rene shi daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Manufa ce babba, amma shi mai manufar ba waliyyi ba ne: mai wayo ne, mai cika baki, wanda ba ya jin kunyar yin dabara idan yunwa ta matsa. Sai marubucin ya haɗa shi da daidai shi, Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Duk garin da suka gamu, sai ɗaya ya ɗana wa ɗaya tarko, wanda aka kayar yau ya rama gobe.

Ku tuna ƙauyen da Alhaji ya sauka ya mayar da kansa babban malami, alhali karatun nasa bai taka kara ya karya ba. Da Zurƙe ya zo zai tona masa asiri, sai Alhaji ya zana wata alama a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya kira sunan harafin Larabci, kamar yadda duk mai ilimi zai yi, shi kuwa Alhaji ya nuna wa jama'a cewa siffar jinjirin wata ce. Mutanen ƙauye suka duba, suka ga lallai wata ne, suka kori mai ilimin. Muna dariya, amma ina wanda bai taɓa ganin irin wannan ba a dandalin siyasa, ko a wurin mai maganin gargajiya na bakin tasha? Yaron da ya yi dariyar wannan labari yana ɗan shekara 12, da wuya a yaudare shi da irin wannan zane yana ɗan shekara 30.

Haka abin yake a Magana Jari Ce. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, mugun Waziri yana ƙulla yadda za a fitar da yaron a hallaka shi. Wa ya tsare shi? Ba barde ba ne, tsuntsu ne. Kowane dare Musa ya yi shirin fita, sai Aku ya ɗauko labari ya riƙe shi har gari ya waye. Aku yana da fadanci, yana da yabon kai, yana da tsoro irin na mai rai, amma da baki kaɗai ya ceci gidan sarauta, har aka naɗa shi Waziri. A juzu'i na biyu ya kara da wani akun mai suna Haziƙ, a na uku kuma ya zauna yana koyar da ɗansa Fasih. Wato jerin ya fara da ceton ɗan wani, ya ƙare da tarbiyyar ɗan kai. Wannan tsari kansa wa'azi ne gare mu iyaye.

Wani abin lura shi ne marubutan nan ba su rufe ƙofa ba. Imam ya amfana da Muƙamatul Hariri da Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, asalinsa labarin wani gwarzon Rasha ne, amma mai karatu zai rantse a ƙasar Hausa aka yi Sarki Waldima. Sun ɗauko na waje, sun ɗinka masa riga da hula. Sauran al'ummu ma ba su raina irin wannan adabi ba. A Ingila, Terry Pratchett ya rubuta littattafai 41 a jeri guda na ban dariya da al'ajabi tsakanin 1983 da 2015, manya da yara suna rububinsu. Littattafan Harry Potter guda 7 kuwa wasu 'ya'yanmu sun haddace su. Ba mu hana su ba, amma bai kamata yaro ya san mayun Ingila ya kasa sanin Malam Zurƙe ba.

Mun san akwai iyayen da ke ɗari-ɗari, suna cewa labarin aljanu da bokaye ɓata lokaci ne, ko yana iya taɓa aƙidar yaro. Damuwa ce mai tushe, kuma ba kowane littafi da ke kasuwa muke yaba wa ba. Shi ya sa muke cewa uba ya fara karantawa kafin ya miƙa. Wanda ya yi haka zai tarar a waɗannan littattafai da muka ambata ana yawan tona asirin macuci, kuma mai haɗama shi ke kwana ciki. Yaro kuwa dole ya ji labari. Idan ba mu zaɓa masa ba, wayar hannu za ta zaɓa masa.

Saboda haka kwamiti yana gabatar da shawarwari uku. Na farko, kowane ɗan ƙungiya ya sayi aƙalla littafin Hausa ɗaya ya kawo wa sakatare kafin taro mai zuwa, a tara a buɗe ɗan ɗakin karatu a makarantar firamaren garinmu, a damƙa amanarsa ga shugaban makaranta. Na biyu, kowane magidanci ya keɓe dare ɗaya a mako, bayan sallar isha'i, a ajiye wayoyi, yaro ɗaya ya karanta a bayyane, saura su saurara, uwa ko uba su fassara kalmar da ta gagara. Na uku, a lokacin hutun Babbar Sallah, sa'ad da muke komawa gida da iyalanmu, a shirya gasar karatu da ba da labari tsakanin yaran birni da na gida, dattawa su yi alƙalanci. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na buhunan siminti kaɗan ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

 Allah Ya jiƙan marubutanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya shirya mana zuri'a, Ya ɗaukaka garinmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.