Katin Baƙi da Wasali: Jawabi ga Matan Ƙungiyoyin Adashi a Ajingi

Na ga mutanen Toranke, na ga na Balare da Gafasa, sannunku da hanya. Kafin masu makulli su buɗe akwati, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan. Maganar yau ta 'ya'yanmu ce.

Wata rana na dawo daga taro, na miƙa wa 'yata littafin zubina, na ce ta karanta min sunan da ke bango. Tana aji uku a lokacin. Ta juya shi, ta sake juyawa, sai ta sunkuyar da kai. Yarinyar da kullum take rera min abin da aka rubuta musu a allo! Ashe hadda ce kawai, ba ta san wane baƙi ne ke ba da wane sauti ba. Ranar ban yi barcin kirki ba. Mu nan mun san zafin abin: mace ta zuba kuɗinta, amma sai ta jira magatakarda ta faɗa mata nawa ta ranta, nawa ya rage. Ba na so 'yata ta gaji wannan jiran.

Matsalar ba ta gidana kaɗai ba ce. Saboda ita ne a 2019 hukumar SUBEB ta Kano da British Council suka fara shirin KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa. A shirin, ana raba yara gwargwadon abin da kowa ya iya, a koma da su kan baƙaƙe da gaɓoɓi da Hausa, cikin wasa. To, abin da ake yi da wasa a aji, me zai hana mu yi shi a kan tabarma?

Ga abin da na yi. Na samo kwalin taliya, na yayyanka shi kamar faɗin tafin hannu. Hausar boko tana da wasula 5: a, e, i, o, u. Na zaɓi baƙaƙe 5: b, k, m, r, s. Kowane baƙi na haɗa shi da kowane wasali, gaɓa ɗaya a kati ɗaya: ba, be, bi, bo, bu, har zuwa su. Kati 25 ke nan.

Da maigida ya shigo ya tarar da mu, sai ya ce, "Karta a gidana?" Na san da yawanku za ku ji irin wannan tambaya, kuma tana kan hanya, domin caca haramun ce, ta kuma kashe gidaje. Na ce, "Malam, zauna ka gani." Ya zauna, ya ga ba kuɗi, ba goro, ba abin da wani ke ci daga hannun wani. Can sai ya yi dariya, ya ce ai wannan babbaƙu da farfaru ne na boko. Gaskiyarsa. A makarantar allo ma da baƙi ake farawa, sannan a sa masa wasali, sannan a haɗa. Don haka ku fara nuna wa mazajenku katin kafin su gan shi a hannun yara.

Wasanni uku muke yi.

Na farko, nemo ɗan'uwansa. Ki zaɓi gaɓoɓi 5, ki yi wa kowace kati biyu, ki kife duka 10. Yaro ya buɗe biyu, ya faɗi abin da ya gani da ƙarfi. In sun zo ɗaya ya ɗauka, in sun saɓa ya mayar ya kife. Wannan na ƙanana ne.

Na biyu, bi sahu. Yana kama da Whot ɗin da samari ke yi. A raba wa kowa kati 4, a buɗe ɗaya a tsakiya, sauran su zama kasuwa. In "ba" ce a sama, sai ka ɗora mai baƙi iri ɗaya, kamar "bi", ko mai wasali iri ɗaya, kamar "ka". Dole ka furta kafin ka ajiye. Wanda ba shi da na ɗorawa ya ɗauko a kasuwa. Wanda katinsa ya fara ƙarewa a tafa masa.

Na uku, dafa kalma. A baje katin a buɗe, kowa ya haɗa biyu su ba da kalma: ma da sa, masa; ra da mi, rami; ko da ko kuwa sai an yi kati biyu, koko. Ranar da 'yata ta haɗa "ku" da "ka", ta ɗago ta ce, "Umma, miyar kuka!", wallahi sai da na yi ƙwalla.

In yaro ya ƙware, ki ƙara baƙi ɗaya ko biyu a mako. Kada a manta da masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Ki ajiye masa "kafa" kusa da "ƙafa", "fada" kusa da "faɗa", "baki" kusa da "baƙi", ya ji yadda 'yar lanƙwasa ke sauya magana.

Sharuɗɗa kaɗan ne. A faɗi sautin baƙi yadda yake fita a Hausa, a bar sunansa na Turanci tukuna. Kada a wuce minti 15, bayan la'asar ko kafin barci. Ba bulala, ba "daƙiƙi". In ya kuskure, ki faɗi daidai, ya maimaita, a ci gaba.

Na ji wata a baya tana cewa, "Ni da ban yi boko ba fa?" Yaya, ke ma ki zauna a raba da ke. Ɗan aji biyar ko magatakarda za su rubuta miki katin, su faɗa miki sautin. Akwai wata a ƙungiyarmu, da jikokinta, a wajen wasan nan ta fara gane baƙin farko na sunanta. Yanzu da kanta take zaro littafinta daga cikin tari.

Shawarata ga kowace ƙungiya: a yi karo-karo a sayi maka ɗaya, kada a taɓa asusun taimako. A yanka kati a ƙarshen taro. Kada a sa shi a akwati, tunda akwati ba ya buɗuwa sai ranar taro. A zuba a leda, ya riƙa zagayawa gida-gida kamar kwasar adashi.

Irin wannan tsarin ajiya namu a Maradi ya samo asali, a 1991, da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da CARE ta taimaka aka kafa. Da ɗan abin da ke hannunsu suka fara, ga shi ya iso har Ajingi. Mu ma kwali muke da shi. Mako mai zuwa kowacce ta zo da ɗaya, ni zan zo da almakashi.

Allah Ya raya mana su, Ya ba su ilimi mai amfani. Masu makulli, bismillah.