Ban Ruwa Ɗis-ɗis da Rayuwar Dashe



Kowace damina akan yi bikin dashen itatuwa a ƙasashen bakin Hamada, a ƙidaya abin da aka dasa, amma ba safai akan koma da bazara a ƙidaya abin da ya rage ba. Dalilin asarar kuwa a fili yake: saiwar dashe ba ta riga ta kai ga damshin ƙarƙashin ƙasa ba, sai rani ya tarar da ita. In an kwarara masa bokiti guda a lokaci ɗaya, wani ruwan ya malale, wani rana ta shanye, wani kuma ya nitse ya wuce saiwa.

Maganin wannan shi ne ban ruwa ɗis-ɗis. Dabarar ta zamani ta samo tushe ne daga aikin injiniya Simcha Blass, wanda a shekarar 1965 ya haɗa gwiwa da manoman Hatzerim, cikin hamadar Negeb ta Isra'ila, aka kafa kamfanin Netafim. Yadda take shi ne, akan shimfiɗa siririyar mesa a bin layin itatuwa, a sa maɗiga a gindin kowanne, yawanci mai zubar da lita 2 zuwa 4 a awa ɗaya. Ƙasa takan sha ruwan sannu a hankali, saiwa ta zauna cikin damshi, ga kuma iska tana samunta. Da ma Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika.

Sai dai dabarar tana da sharuɗɗa uku. Na farko, sanin ƙasa: a jigawa ruwa yakan nitse kai tsaye, saboda haka ana bukatar maɗigai kusa da juna da ban ruwa akai-akai, a laka kuwa yakan bazu gefe-gefe. Na biyu, tace ruwa, domin yashi da gansakuka su ne ke toshe maɗiga, itace ya bushe alhali mesa na gindinsa. Na uku, yayin da itace ke girma, wajibi ne a janye maɗigai daga gindi zuwa iyakar inuwarsa, a kuma ƙara yawansu, don saiwa ta bazu ta riƙe ƙasa.

Ba lalle sai da inji ba. Duro ɗaya da aka ɗora bisa dakali mai tsawon mita 1 ko 2 ya isa ya tura ruwa cikin gajeren layi. Inda babu mesa, tulun da aka binne kusa da dashe yakan tsattsafo da ruwa ta jikinsa.

Saboda haka, ya kamata ma'aikacin da ke tsara kasafin dashe ya sa kuɗin ruwan ranin farko tun kafin a haƙa rami, a kuma auna nasarar aiki da yawan itatuwan da suka ga damina ta biyu.