Guduma a Fili ko Allura a Ɓoye: Mas'alar Zaɓen Ƙaramar Bindiga

Lacca da aka gabatar a Achida, gaban taron hakimai, malamai, maharba da jami'an tsaro na ƙasashen Wurno, Rabah da Goronyo

 

 Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta ita ce: idan hukuma za ta saya wa jami'anta ƙaramar bindiga, irin wadda ake ratayawa a ƙugu, shin mai guduma ta fi dacewa ko kuwa mai allura? Tun da fari ina so in kawar da wata shubuha, domin kada wani ya tashi daga nan yana zaton na ba shi fatawar ya je ya nemi tasa. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki a Nijeriya, ta kasa bindigogi kashi uku: bindigar toka irin ta maharbanmu, wadda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininta, bindigar harbin tsuntsu da makamantanta, wadda izininta ke hannun Sufeto Janar, sai kuma haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma a cikin wannan kashi na uku aka sa libarba da fistol kowace iri, har da ta ƙanƙara. Saboda haka zaɓen ba na talaka ba ne, amma fa talaka ne ke tsaye gaban bakin bindigar a shingen hanya da tasha da kasuwa, wannan kuwa ya isa ya ba shi haƙƙin sanin abin da aka rataya wa mai tsaronsa.

Wannan makami ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A cikin Maris na 1824, da Baturen Ingila Clapperton ya iso Sakkwato, daga cikin kayan gaisuwar da ya miƙa wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke nan Wurno kusa da mu, har da ƙananan bindigogi masu baki biyu. Haka nan a Afrilu na 1853, Barth na Jamus, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sami Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu, ya ba shi ƙananan bindigogi biyu masu ado da azurfa, kafin ya shiga Wurno ya zauna. Sai dai a wancan zamani abin alfarma ne na sarakuna, yaƙi kuwa na doki ne da mashi da kwari da baka. Shi Clapperton ɗin, da ya halarci harin da rundunar Bello ta kai wa Konya ta Gobir a 1826, 'yan bindiga arba'in da ɗoriya kaɗai ya gani cikin dubban mayaƙa, kowannensu in ya harba sai ya ruga baya inda kibiya ba ta kaiwa ya sake ɗura albarushi. Da Turawa suka ƙulla yarjejeniyar Brussels a 1890, sai suka hana sayar wa mutanen wannan nahiya bindigogin zamani, suka bar musu na ƙanƙara, abin da ya biyo baya kuwa a filin Giginya ran 15 ga Maris 1903, inda Turawa suka ci Sakkwato da yaƙi, ba sai na tuna wa Basakkwace ba.

To, bari mu shiga cikin ƙarfen. Kowane harsashi na zamani yana da wata 'yar hula a gindinsa, wadda in aka buge ta da ƙarfi take tartsatsi ta kunna albarushi, saɓanin da ke tsakanin bindigogin nan biyu duka bai wuce yadda ake kai wannan bugu ba. A mai guduma, akwai wani ɗan ƙarfe a ƙeyarta wanda ake ɗanawa baya, in an ja kunama ya faɗo ya bugi allura, allura ta bugi hula. Maharbin da ya saba da bindigar toka ya riga ya san wannan, domin jikar tasa ce. A mai allura kuwa an cire gudumar ɗungurungum, an sa wa allurar kanta sifirin a cikin murfin sama, ita ke ja da baya ta kuma zabura gaba da kanta, ba abin da ido ke gani daga waje. Kada a ɗauka wannan ta biyu bidi'a ce ta jiya: bindigar da aka kashe Yariman Ostiriya da ita a Sarajevo ran 28 ga Yuni 1914, kisan da ya kunna Yaƙin Duniya na Farko, mai allura ce, ƙirar John Browning, mutumin da ya ƙera Colt 1911 mai guduma. Abin da ya sa mai allura ta mamaye duniya shi ne Glock 17, wadda Gaston Glock ya fitar a Ostiriya a 1982, mai gangar roba, mai cin harsashi 17, mai sassa talatin da 'yan kai. Sojan Ingila suka ajiye Browning Hi-Power suka ɗauke ta a 2013, sojan Amurka kuma, waɗanda suka riƙe Beretta mai guduma tun 1985, suka koma SIG Sauer P320 mai allura a 2017.

Hujjojin masu allura ba na wasa ba ne, wajibi ne kuma a yi musu adalci. Jan kunamarta iri ɗaya ne daga harbin farko har na ƙarshe, nauyinsa kimanin kilo biyu da rabi, don haka hannun ɗalibi abu ɗaya zai koya. Ba ta da nauyi a ƙugu, sassanta kaɗan ne, gyaranta da sauƙi, bayanta kuma a rufe yake, wanda duk kuwa ya bi hanyar Achida zuwa Goronyo cikin hazon hunturu ya san abin da ƙura ke yi wa ƙarfe mai kafa. Ba ta da guduma da za ta sarƙe a riga. Mai guduma irin Beretta 92, wadda ta bi tsarin da Walther ya yaɗa tun 1929, tana da jan kunama iri biyu: na farko dogo ne mai nauyin kilo biyar ko sama, domin yatsa ne ke ɗana gudumar da kansa, na biyu da waɗanda ke binsa gajeru ne masu sauƙi, wannan sauyi yana sa harsashin farko na wanda bai ƙware ba ya kauce, sannan bayan harbi dole ya tuna ya sauke gudumar kafin ya mayar da ita kube, mantuwa kuwa a nan tana iya jawo asarar rai.

Amma duk da haka, ga abin da nake so masu yanke shawara su tsaya su auna. Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe a Tabanni ta ƙasar Rabah a Yuli na 2018, da waɗanda aka kashe a kasuwar Goronyo a Oktoba na 2021, su fiye da arba'in. Babu mai hankalin da zai ce ƙaramar bindiga ce maganin 'yan ta'addan da ke zuwa bisa babura da AK-47. Ita makamin cikin jama'a ce, ta ofis da ƙofar kotu da cikin mota da tsakiyar 'yan tallan albasa da tafarnuwa, kuma ranakun da jami'i zai ɗauke ta bai harba ba sun ninka ranakun harbinsa sau dubbai. Idan haka ne, tambayar da ta fi cancanta a fara yi ita ce wacce ta fi wuyar tashi ba da nufi ba, sannan a zo ga wacce ta fi saurin samun abin hari.

A nan ne gudumar da ake raina wa tsufa take nuna falalarta. Ana ganinta da ido, ana jinta da babban yatsa ko cikin duhu, shugaban 'yan sintiri yana iya duban ƙugun yaransa ya san wanda tasa ke ɗane. Mai mayar da ita kube yana iya danne gudumar da yatsa, ta yadda ko igiyar riga ko gefen laya ya shiga gaban kunama zai ji ta motsa ya tsaya. In kuma harsashi ya daɗe a ma'aji hularsa ta yi tauri, yana iya sake jan kunama ya buge shi karo na biyu. Mai allura, in an ɗura ta, tamkar tarko ce da aka ɗana aka rufe da ƙasa: tana da makarai a ciki waɗanda ke hana ta tashi in ta faɗi, amma ba abin da ke tsakaninta da yatsan da ya firgita sai ɗan gajeren ja. Wasu irinta ma, kamar Glock, sai an ja kunama kafin a kwance su don wanki, wanda ya manta harsashi a ciki kuwa ya harbi ɗaki. Wannan ba zato ba ne. Rundunar 'yan sandan gundumar Los Angeles ta Amurka, da ta sauya daga Beretta zuwa mai allura ta Smith & Wesson, harbin kuskure a cikinta ya tashi daga 12 a 2012 zuwa 30 a 2014. 'Yan sandan New York kuwa sun yi shekara da shekaru suna sa a nauyaya kunamar nasu zuwa kusan kilo biyar da rabi, watau sun sayi sabuwa suka mayar mata da halin tsohuwa. Ita ma P320, a 2017 kamfaninta ya yi shelar gyara bayan an gano tana iya tashi in ta faɗi ta wata fuska. Waɗannan fa rundunoni ne masu filin koyon harbi da harsashin atisaye a wadace.

Malamai da ke zaune a nan sun fi ni sanin cewa Shari'a ta riga mu duban wannan babi. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa Musulmi rauni, ya kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai san ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba. Ku lura, ba a tuhumi niyyar mai kibau ba, hannunsa aka ƙi amince wa, wannan kuwa shi ne asalin abin da Malikawa ke kira saddu zari'a, toshe kafar ɓarna tun ba ta auku ba. Kisan kuskure ma ba a bar shi a banza ba: Suratun Nisa'i ta wajabta kaffara da diyya, fuƙaha'u suka ƙaddara diyyar da raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya, suka ɗora ta a kan aƙila, watau dangin da ke tsaya wa mai kisan. Ni a fahimtata, hukumar da ta zaɓi makamin, ta rataya wa mutum, ta tura shi cikin kasuwa, ita ce ta tsaya a matsayin aƙilarsa a yau, malamai su gyara mini in na karkace.

Ra'ayina ke nan a fili: rundunar da ke da halin kai kowane jami'inta filin harbi a kai a kai, ta saya masa kube mai tauri wanda ke rufe kunama ruf, ta kuma hore shi har yatsansa ya saba zama a waje, to ta ɗauki mai allura, za ta amfana da sauƙinta. Wadda kuwa ta san jami'inta zai yi harbin makaranta sau ɗaya sannan ya shekara yana soke bindiga a ɗamara, mai guduma mai nauyin jan farko ta fi mata, ko da harsashinta na farko zai ɗan kauce, gama kaucewar harsashi a artabun da kan zo jefi-jefi ta fi sauƙi bisa tashinsa a cikin motar haya.

Tun da gwamnatin jihar Sakkwato ta kafa Rundunar Tsaron Al'umma a 2024, maganar wane ne zai riƙe wane makami ta iso ƙofar gidanmu, ko da ba ƙaramar bindiga aka ba su ba, ƙa'idar kuwa ɗaya ce ga ta toka da ta zamani. Ina roƙon iyayenmu hakimai da wakilanmu na majalisa, duk ranar da aka kawo muku batun sayen makamai, ku tambayi nawa aka ware na horo da harsashin atisaye da kube, ku kuma nemi a buɗe littafi a kowane ofishin tsaro na Wurno da Rabah da Goronyo inda za a riƙa rubuta duk harbin da ya tashi ba da nufi ba, da irin bindigar da ta yi shi. Allah ya ba mu zaman lafiya.