Tsuke Bakin Aljihu da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Birtaniya

A shekarar 2010 gwamnatin David Cameron ta shiga tsuke bakin aljihu, wato rage abin da take kashewa a kan tallafin marasa ƙarfi da hidimomin jama'a domin cike giɓin kasafin kuɗi, sai dai nauyin matakin bai hau kan kowa daidai ba. Ƙananan hukumomin yankunan talakawa, waɗanda harajin da suke tarawa a gida bai taka kara ya karya ba, sun fi dogaro da kason gwamnatin tsakiya, don haka su ne suka fi ji a jikinsu. Wani bincike na Jami'ar Sheffield Hallam a 2013 ya ƙiyasta cewa garin Blackpool zai riƙa asarar sama da fam 900 a shekara kan kowane baligi mai shekarun aiki sakamakon rage tallafin marasa ƙarfi, alhali asarar wasu yankunan masu hali a kudancin Ingila ba ta kai sulusin haka ba.

Ciwon damuwa, wanda yake baƙin ciki ne mai daɗewa da ke hana mutum barci da aiki, yana samun gindin zama inda bashi da fargabar kora daga gidan haya suka yi katutu. Uwar da aka rage wa tallafin haya a 2013 saboda tana da ɗaki ɗaya da ba kowa a cikinsa, ita ce kuma ta tarar da ƙofar cibiyar Sure Start ta unguwarsu a garƙame, wurin da take samun shawara da abokan hira. Mai hali yakan biya likita da kuɗinsa, ita kuwa sai ta bi dogon layin asibitin gwamnati, kuma wannan rashin adalci ne da aka iya hangowa tun kafin a yanke kuɗin.