Allah wadai a takarda da Allah wadai a kan mumbari

Wannan bayani ne na jawabin da wani malami ya gabatar a zaman karatu na bayan La'asar, inda wani matashi ya miƙo takarda yana tambaya ko ya kamata a gaskata malaman da ke fitowa suna la'antar masu tayar da bama-bamai da sunan addini, ko kuwa baki ne kawai. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon rahama (S) da iyalan gidansa da sahabbansa, malamin ya ce tambayar ba ta rashin ladabi ba ce, don kuwa ɓangarori biyu ne ke yin ta. Waɗanda ba Musulmi ba suna cewa malaman nan suna faɗin abu ɗaya a gaban 'yan jarida, su faɗi wani a cikin almajiransu. Su kuma samarin da aka yaudara suna cewa malaman gwamnati ne, an biya su ne su yi magana.

Ya ce da farko dai babu mai ikon leƙa zuciyar wani. Ya tunatar da labarin Usama bin Zaid, wanda ya kashe wani mutum a fagen yaƙi bayan mutumin ya furta kalmar shahada, yana zaton tsoron takobi ne ya sa shi furtawa, Manzon Allah (S) kuma ya yi masa faɗa mai tsanani a kan haka. To idan an hana a yanke wa abokin gaba hukunci da zato, ina ga malami? Abin da ya rage mana shi ne zahiri. Shi kuwa zahiri, in ji shi, ana iya auna shi, kuma ma'auni mafi nauyi shi ne abin da maganar ta jawo wa mai ita.

A nan malamin ya daɗe. Ya ce Shaikh Ja'afar Mahmud Adam yana tafsirin azumi a masallacin Indimi da ke Maiduguri, ya san Muhammad Yusuf ciki da waje, ya kuma yi masa raddi a kaset, da Hausa, tun hukumomi ba su farga ba. Ranar Juma'a 13 ga Afrilun 2007 aka harbe shi yana limancin Asuba a Ɗorayi cikin Kano. An yi ta saɓani a kan wanda ya tura maharan, amma babu saɓani a kan cewa ya yi gargaɗin tun kafin tarzomar 2009. A Maiduguri an kashe Bashir Kashara a 2010, a Biu an kashe Ibrahim Birkuti a 2011, dukkansu masu sukar ƙungiyar ne. Ranar 1 ga Fabrairun 2014 aka tare Shaikh Muhammad Auwal Albani a Zariya yana dawowa daga karatu, aka kashe shi da matarsa da ɗansa, Abubakar Shekau kuma ya fito a bidiyo ya ce su ne. A Yulin shekarar aka tayar da bam a kan hanyar Shaikh Ɗahiru Usman Bauchi a Kaduna bayan rufe tafsiri, Allah ya kuɓutar da shi, mutane da dama suka rasu. A Nuwamba Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya kira jama'a su tashi su kare kansu. Ba a rufa mako biyu sosai ba aka afka wa babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga wata, aka kashe sama da mutum 100.

Malamin ya ce duk mai cewa wasan kwaikwayo ne, sai ya faɗa mana wane ɗan wasa ne ke yarda a kashe shi da iyalinsa don ya burge Amurka. Ya ƙara da cewa su maharan sun ɗauki maganar malaman nan da gaske fiye da yadda masu shakka suka ɗauke ta, shi ya sa suka bi su har mihrabi. Kuma ba yau aka fara ba. Imam Ali ya tura Abdullahi bin Abbas ya yi muƙabala da Khawarijawa, da yawansu suka dawo, sauran aka gwabza da su a Nahrawan, daga ƙarshe ɗayansu, Ibn Muljam, ya sare shi a masallacin Kufa cikin Ramadan na shekara ta 40 bayan Hijira.

Sai dai ya ce kada 'yan uwa su ɗauka kowace Allah wadai irin wannan ce. Akwai ta takarda, wadda sakatare ke rubutawa da Turanci bayan bam ya tashi, a raba wa gidajen jaridu, a koma gida. Ba lallai ƙarya ce ba, amma arha ce, kuma yaron da ake yi wa huɗuba a lungu ba zai taɓa ganinta ba. Ko wasiƙar da malamai sama da 120 na duniya suka rubuta wa Abubakar al-Bagadadi a 2014, duk da hujjojin da ke cikinta, sai an samu mai karantar da ita a zaure da harshen mutane kafin ta yi aiki.

Wadda ta fi damunsa, in ji shi, ita ce ta malamin da ke la'antar bam ranar Asabar alhali ranar Juma'a ya gama kafirta maƙwabcinsa a kan mumbari. Wannan ya ce ɗan ɗarika mushriki ne, wancan ya ce ɗan Izala maƙiyin Annabi ne, wani ya ce jinin ɗan Shi'a ya halatta. Yaro ya zauna shekara goma yana jin haka, ranar da wani ya miƙa masa bindiga sai malam ya ce ba da yawunsa ba. Malamin ya ce irin wannan za a iya yarda cewa bai so a zubar da jinin ba, amma ba za a yarda cewa ya yi maganin abin ba, tunda randar da aka ɗebo ruwan tana nan a zaurensa.

Daga nan ya juya ga zargin samarin. Ya ce abin da ke ba zargin ƙarfi shi ne shirun da wasu ke yi idan mai kaki ne ya yi kisan. An kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda ranar 30 ga Yulin 2009 ba tare da an kai shi kotu ba. A 2010 tashar Aljazeera ta nuna hotunan jami'an tsaro suna harbe mutanen da aka kwantar a ƙasa a Maiduguri, har da masu dogara sanda. A 2015 ƙungiyar Amnesty International ta ce sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun sojoji tun daga 2011. Malamin da ya ga wannan ya kama bakinsa, sannan ya zo yana kuka a kan bam, shi da kansa ya miƙa wa masu yaudarar yara hujja. Wanda kuwa aka san shi da faɗa wa mahukunta gaskiya, idan ya ce wa matashi hanyar nan ɓata ce, matashin zai tsaya ya saurara.

Wani daga cikin mahalarta ya tambaya game da malamin da a da ya yabi masu irin wannan aƙida, yanzu kuma ya ce ya sauya. Malamin ya amsa cewa ƙofar tuba a buɗe take, ba kuma aibi ba ne mutum ya ƙaru da ilimi. Amma tunda a bainar jama'a ya yi maganar farko, a kaset ɗin da har yanzu ke yawo a wayoyin mutane, to wajibi ne ya koma gaban waɗannan almajiran, ya ambaci abin da ya faɗa, ya warware shi da hujja ɗaya bayan ɗaya. Idan sai da aka ba shi muƙami aka tono maganar sannan ya janye, jama'a suna da uzuri idan suka jira su ga abin da zai karantar nan gaba.

Da aka kira sallar Magariba sai aka dakata, aka ɗage sauran tambayoyin zuwa zama na gaba, wani dattijo ya rufe da addu'a ga waɗanda suka rasu.