ITATUWAN GIDA A MATSAYIN MAGANIN FUMFUNAR AMFANIN GONA



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba ni wannan dama, alhali a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni ilmi da shekaru. Da takardar gayyata ta iske ni a ofis, sai na tuna da layin dogon yaron nan da ke bayan ɗakin kwananmu, wanda duk wanda ya makara a ranar aikin gayya shi ake sa wa ya share 'ya'yansa. Na share su ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ina yi ina ƙunƙuni. Ashe abin da muke tarawa muna cinna wa wuta magani ne. Wannan shi ne abin da nake so in yi magana a kai yau.

Na san yawancinmu nan ma'aikata ne ko 'yan kasuwa, amma in aka bi mu ɗaya bayan ɗaya, da wuya a sami wanda ba shi da 'yar gona a ƙauye ko fadama a bayan gari, domin albashi kaɗai ya daina kai mutum ƙarshen wata. Saboda haka maganar ta shafi aljihun kowa, ta kuma shafi tukunyar gidansa.

To, mene ne fumfuna? Wata halitta ce ƙanƙanuwa wadda ba ta iya haɗa abincinta da hasken rana kamar tsirrai, sai dai ta rayu a jikin wani. Irinta ya fi ƙura laushi, iska da ruwan sama da ƙafar mutum suna ɗaukarsa daga gona zuwa gona. Da ya sauka a kan ganye mai laima, sai ya tsiro ya huda ganyen ya shiga ciki. Ita ce ke kawo burtuntuna a zangarniyar dawa, da baƙaƙen ɗigo a ganyen gyaɗa waɗanda ke iya cinye rabin abin da manomi zai samu, da tabon nan mai ruwan shunayya da ke kwantar da ganyen albasa, da farin garin da ke rufe ganyen kuɓewa da kankana.

Kada mu raina ta don ƙanƙantarta. Daga shekarar 1845, wata cuta mai kama da fumfuna ta ruɓar da dankalin ƙasar Ailan, yunwar da ta biyo baya ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya. Wannan cutar ce har yau ke damun masu noman dankali a Filato. A shekarar 2023 kuma mun ga yadda cutar fumfuna ta auka wa citta a kudancin Kaduna, manoma da yawa suka rasa amfani suka rasa iri. Akwai ma wadda ta fi waɗannan haɗari, domin ba ta kashe shuka, mai ci take kashewa. Ita ce koriyar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara, tana zuba musu gubar da ake kira aflatoksin. An gano gubar bayan talo-talo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa musu da garin gyaɗa. A 2004 ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya ta hanyar masara. Tana haddasa sankarar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Maganin kanti fa? Ba zan tsaya a gaban malamaina in ce ba shi da amfani ba. Tun 1885 da aka fito da haɗin Bodo a Faransa, wato sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa, don ceton gonakin inabi, magungunan feshi suke ceton abinci a duniya. Amma suna da matsala uku. Ta farko tsada, domin daga waje ake shigo da yawancinsu, duk lokacin da Naira ta faɗi sai kuɗinsu ya tashi. Ta biyu, in aka dage a kan magani ɗaya, fumfunar takan saba da shi har ya daina yi mata komai. Ta uku, ragowar guba a jikin abinci da jikin mai feshi, wanda sau da yawa za ka gan shi ba takalmi ba abin rufe hanci. Mu tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Wannan ne ya sa masana suka waiwayi tsirrai. Hikimar a nan mai sauƙi ce. Itace ba ya gudu in abokin gaba ya zo, saboda haka an halicce shi da makamansa a cikin jikinsa. Ɗacin dogon yaro, da warin tafarnuwa, da yajin citta, da ƙamshin kanumfari, duk makamai ne. Abin da muke yi shi ne mu aro makamin wannan mu kare wancan.

Bari in fara da dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, wasu maina, wasu bedi. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, a zamanin Turawa aka kawo mana shi. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan, ya lura fara ta cinye duk wani kore ta bar dogon yaro. A 1968 aka ware sinadarin da ke korar ƙwarin, aka sa masa suna azadiraktin. Man da ke cikin ƙwallonsa kuma yana hana irin fumfuna tsirowa a kan ganye, musamman mai farin gari da mai tsatsa. Don ku san darajar abin, a 1994 wani kamfanin Amurka da ma'aikatar gona ta ƙasar suka sami takardar mallakar fasahar kashe fumfuna da man dogon yaro a Turai. Mutanen Indiya suka ce ba su yarda ba, kakanninsu sun daɗe da sanin wannan. Aka soke takardar a shekarar 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Abin da aka yi shekaru ana shari'a a kansa ke nan muke sharewa muna ƙonawa.

Sai tafarnuwa. Muddin ba a daka ta ba, maganinta a kulle yake. Da an farfasa ta sai abubuwa biyu da ke ware a cikinta su haɗu su haifar da sinadarin alisin, wanda aka gano a 1944. Shi ne mai warin, shi ne kuma mai kashe fumfuna. Sai dai ba ya jure zafi, ba ya kuma daɗewa. Wanda ya tafasa tafarnuwa don ya yi feshi, miya ya dafa. Man kanumfari shi ma yana da ƙarfi ƙwarai a kan fumfunar da ke kama hatsi a wurin ajiya.

Ga yadda ake haɗa na dogon yaro. A tsinci 'ya'yan da suka nuna, a wanke, a shanya a inuwa su bushe sarai, domin in suka yi laima su ma fumfuna takan kama su. A ɓare a fitar da ƙwayar, a daka. Giram 50 ake sa wa kowace lita ɗaya ta ruwa, wato giram 750 ga tankin goyo mai cin lita 15. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin famfo, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. A yi feshin da yamma, a jiƙa saman ganye da ƙarƙashinsa, a maimaita bayan mako guda ko bayan ruwan sama mai ƙarfi. Abin da aka haɗa yau a ƙarar da shi yau.

Na ce da yamma domin na ɗanɗana kuɗata. Shekarar da na fara gwadawa a 'yar fadamata, sai na ce tunda na gida ne bari in ninka shi, na kuma fesa da tsakar rana don ina saurin komawa ofis. Kwana biyu ganyen tumatirin ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Tsohon da ke maƙwabtaka da ni ya dube ni ya ce, "Malam, duk karatun naka bai gaya maka rana tana da nata aikin ba?" Ban sami abin cewa ba.

Yanzu sai in faɗi iyakar abin, domin ba talla na zo yi ba. Na ɗaya, ruwan tsirrai rigakafi ne. In cuta ta riga ta ci gona, ba zai tashe ta ba. Na biyu, abin da ya yi aiki a ɗakin bincike ba lallai ya yi haka a gona ba. A can ana zuba ruwan itacen a cikin ɗan faranti, a sa fumfuna a tsakiya, a auna yadda take yaɗuwa. Faranti kuwa ba ya ganin rana ko ruwan sama. Na uku, a san cutar kafin a nemi magani. Kuturtar gyaɗa da ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa a 1975 ba fumfuna ba ce, ƙwayar cuta ce da ƙananan ƙwari ke yaɗawa. Na huɗu, ba duk abin da ya fito daga daji ne mara illa ba. Ganyen taba da 'ya'yan zurma da ruwan tumfafiya duk guba ne, a nisanta su daga abinci da yara. Na biyar, burtuntunar da ke bin iri, wanke iri da maganin da aka tanada don haka shi ne abin dogaro, kada kowa ya bari.

Har ila yau, ruwan tsirrai ba ya aiki shi kaɗai. Sai an haɗa da iri mai jure cuta irin wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitarwa, da sauya shuka daga shekara zuwa shekara, da ba da tazara don iska ta ratsa, da ƙone ganyen da ya kamu. Game da aflatoksin, cibiyar IITA ta Ibadan ta fito da Aflasafe, wato fumfuna mara guba da ake watsawa a gona ta rinjayi mai guba. Bayan girbi kuma a shanya a kan tabarma ko leda, ba a kan ƙasa ba. Mai son gwada bushewar masara ya zuba ta a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri ya girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya.

Daga ƙarshe, mai girma shugaba, ina da roƙo. Na zaga gonar makaranta da safen nan, na tarar ciyawa ta cinye ta. Ina ba da shawarar ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin gyara ta a daminar baɗi, a shuka gyaɗa a raba fili uku: ɗaya a fesa ruwan dogon yaro, ɗaya maganin kanti, ɗaya a bar shi haka nan. Ɗalibai su riƙa ƙirga ganyen da ya kamu kowane mako, su auna abin da aka girbe, su rubuta kuɗin da aka kashe, a buga sakamakon a wannan mujalla ko da bai zo yadda nake fata ba. Gani ya kori ji. Ni na ɗauki nauyin iri da tankin feshi, zan kuma riƙa zuwa duk Asabar ta ƙarshen wata. Saura taki da kuɗin huɗa, ga ma'aji nan zaune da littafinsa.

Ga malamanmu kuwa, musamman wanda ya koya mana aikin gona muna ganin wahalar da mu yake yi, ba mu da abin biyanku sai addu'a. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu damina mai albarka, ya bar zumunci.