Man Shanu da Kitse: Ina Suke Bi a Cikin Jiki?

 Yau batun maiƙo za mu taɓa: man shanu, man gyaɗa, manja da kitsen nama.

Kai da ka saba tashi da asuba daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Ƙwanni, ka san bambancin ranar da ka sha koko tsura da ranar da ka sha fura da kindirmo mai maiƙo. Ta biyun ta fi riƙe ka. Dalili kuwa, maiƙo ya fi daɗewa a ciki kafin ya gangara hanji, kuma giram 1 nasa yana ba da ƙarfi kalori 9, alhali giram 1 na sitacin hatsi 4 kawai yake bayarwa.

To, amma akwai matsala. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, jini kuwa yawancinsa ruwa ne. Ke uwargida kin sani, ƙwaryar da ta sha man shanu ruwa kaɗai ba ya wanke ta, sai da sabulu. Jiki ma yana da nasa sabulun: ruwan ɗacin nan da hanta ke yi, wanda matsarmama ke ajiyewa. Ita ce 'yar jakar nan koriya da mahauci ke cirewa a hankali don kada ta ɓata nama. Da maiƙo ya shiga ƙaramin hanji, sai matsarmama ta matse, ta zubo ruwan, ya farfasa man ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana. Daga nan wata gaɓa da ke bayan ciki, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta turo sinadarin da ke yanka waɗannan ɗigo, bangon hanji ya tsotse su. Yawancinsu ba sa shiga jini kai tsaye. Sukan bi wasu siraran hanyoyi, fari fat kamar madara, su haura har kusa da wuya ta hagu, can suke zuba cikin jini.

Me ya sa muka kawo wannan? Abu uku.

Na farko, yara. Bitamin A, D, E da K ba sa shiga jiki sosai sai da maiƙo. Rashin bitamin A ke kawo dundumi, wato yaro ya daina gani da zarar magariba ta yi. Don haka in an yi kwaɗon zogale ko miyar ganye, a ɗan sa mai ko ƙuli-ƙuli. Kada a kai duk man shanun kasuwa, a rage na gida.

Na biyu, maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem. Ya fi shiga jiki in an sha shi da madara ko abinci mai ɗan maiƙo. Wanda ya haɗiye shi da ruwa, ciki wayam, yana iya rage wa kansa amfaninsa.

Na uku, alamun haɗari. In kana jin ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan ka ci tsire mai kitse, ko idonka ya yi rawaya irin na shawara, ko bayan gidanka ya koɗe yana maiƙo yana yawo a kan ruwa, ƙila tsakuwa ce ta toshe hanyar ruwan matsarmama, ko hanta ce ta samu matsala. Kada ka ce sai an tashi kasuwa, ko sai an dawo daga mashekari. Nemi asibiti mafi kusa, ko ta wane ɓangaren iyaka yake.

Kuma a tuna, abin da jiki bai ƙona ba, ajiye shi yake yi ya zama teɓa. Mai bin shanu yini guda da mai zama a rumfa ba cokali ɗaya ya kamata su ɗiba ba.